Wutsiyar Tambaya

Tun isha'i Baba bai sa komai a baki ba.
Haka takarda ta ce: ba ruwa, ba abinci,
sai an gama aiki.
Muka baro Agege kafin assalatu,
danfo ta zubar da mu a Mushin,
keke ya ƙarasa da mu Idi-Araba,
ni da leda mai zane biyu da buta,
shi da hannu dafe da mara,
ladan shekara ashirin na dakon albasa.

Ni ce bakinsa.
Ajina uku a sakandare,
duk Turancin gidanmu a wuyana yake rataye.

Likita ta zo da fayil, ko kai ba ta ɗago ba:
"He hasn't eaten, has he?"
Na ji ta sarai. Bai ci ba, in ji ta.
Gaskiya ta faɗa,
mai gaskiya kuwa a gidanmu e ake ce masa.
Na ce, "Yes."

Biro ya tsaya.
Ta leƙo ni ta saman tabarau,
ta ja layi ɗaya,
ta kira na bayanmu.
Sai Talata ta sama.

"Ladiyo, me suka ce?"
Na ce likita ce ba ta shirya ba.
Ya ce Allah ya sa hakan ne alheri,
ya fasa fiya wata da haƙori a bakin get,
maƙogwaronsa na hawa yana sauka.
Ni kuwa kuɗin mota nake ƙirgawa a zuci,
na zuwa, na komawa, da na wani zuwan.

Sista Morenike ce ta same ni bayan ɗakin magani,
ina share hanci da gefen hijabi.
Ta zauna Zariya, Hausarta da gishiri.
Da ta ji yadda aka yi, ta tafa hannu:
"Ni ma na sha rula a kan wannan a firamare.
Ke mutum kike amsa wa.
Turanci ba ruwansa da mutum, abin yake amsa wa.
Ya ci, yes. Bai ci ba, no.
Waccan 'yar wutsiya ta ƙarshe, has he, did he,
bar ta ta yi ta kaɗawa.
Ki dubi kwano kawai: an taɓa ko ba a taɓa ba?"

Kwana bakwai ina bita.
Wuta ba ta dawo ba, ko? No.
Jirgin ƙasa bai wuce ba, ko? No.
Kowane no kamar tsakuwa a shinkafa,
kamar na ƙaryata babba a gaban jama'a,
alhali bayansa nake bi.
Wane irin harshe ne wannan,
da za ka yarda da mutum kana girgiza masa kai?

Talata ta zo da ruwan sama.
Likitar nan dai, fayil ɗin nan dai,
tambayar ma ba ta sake riga ba.
E ta taso min tun daga ciki,
na danne ta da haƙori,
na dubi kwano.
"No, he hasn't."
Biro ya ci gaba da tafiya.
Suka tura shi, tafin ƙafarsa na leƙe daga farin zane.

La'asar sakaliya ya farfaɗo,
leɓe a bushe, ido na neman rufi.
Ya juyo a hankali, ya gan ni kan benci.
"Ladiyo, ba ki tafi ba?"

Na ce, "E, Baba.
Ban tafi ba."